Ƙurajen kaji sun hana ni sakat, duk damina sai sun dawo

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum masu kiwo. Shawara nake nema a kan ƙurajen nan da ke fito wa kaji a zanko da gefen ido. Da a ce sau ɗaya suka zo suka wuce da ban ɗaga murya ba, to amma duk shekara, da ruwa ya zauna sauro ya yi yawa, sai na gan su. Su yi wata biyu ko fiye suna bin kajin ɗaya bayan ɗaya, su lafa, in ce na huta, shekara ta zagayo su sake sallama.

Kajin gida ne, a bayan ɗaki nake kiwonsu. Manyan ba su kai 20 ba, zakaru 2 a ciki, sai 'yan tsaki da sagaru da yawansu ke hawa da sauka gwargwadon yadda iyayen suka yi kwanci. Akwai kuma talotalo guda biyu da aka ba ni kwanan baya. Akurkin na katako ne, rufin kwano, ƙasansa ba siminti, gabansa waya ce mai manyan idanu. Da rana suna yawonsu, da magariba su shige da kansu in rufe.

Ga yadda abin yake farawa. Sai ka ga ɗan ƙurji fari a zanko ko a fatar nan da ke reto ƙarƙashin baki. Bayan 'yan kwanaki ya yi rawaya, ya tasa, ya haɗe da na kusa da shi, daga nan ya yi baƙin ɓawo mai kaushi. Manya suna jurewa, illa dai ƙwai ya ja baya. 'Yan tsakin ne abin tausayi. Ƙurjin yakan kama musu fatar ido, idon ya rufe ruf, su tsaya a gefe suna ta kuka ga abinci a gabansu ba sa gani, har su rame su mutu. A nan nake asara duk shekara.

Bana kuma na ga abin da ban saba gani ba. Sagaru biyu suka dinga miƙa wuya suna buɗe baki, numfashinsu har da ƙara. Na buɗe bakin ɗaya na tarar da wani abu rawaya manne a gefen harshe, ya gangara har maƙogwaro. Ɗayar ta riga ta mutu, ɗayar tana nan da ƙyar.

Abin da nake yi dai shi ne in ware wadda ta kamu, in shafa mata aidin, in zuba bitamin a ruwan sha. Akwai wani garin antibayotik da aka ce in dinga ba su, ina ba su, amma ban ga ya hana wata kamuwa ba. Akurki kuwa ina share shi.

Tambayoyina su ne: me ya sa abin yake dawowa? Ko kaza ba ta warkewa ne gaba ɗaya, cutar tana kwance a jikinta sai damina ta tashi? Wata maƙwabciyata ta ce in yanke su duka in sake sabon zubi, wai jininsu ne ya ɓaci. Ni kuwa akwai iyaye a cikinsu masu kwanci da riƙon 'ya'ya da ba na son rabuwa da su. Sannan yarana ba sa rabuwa da 'yan tsakin nan, ko suna iya ɗauka? Ƙwan fa, a ci ko a zubar?

Baba Mai Zakaru ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin ki ɗauki wuƙa, ki je akurkin da safe ki yi mini aiki ɗaya. Ki kama kajin da kika tabbata sun yi ƙurajen bara, ki duba zankonsu. Sannan ki duba waɗanda ke fama da su yanzu, ki tambayi kanki yaushe aka ƙyanƙyashe su ko yaushe suka shigo gidan. Ina kyautata zaton za ki tarar tsofaffin fes suke, masu ciwon kuwa duk 'yan bana ne.

Dalili shi ne, kazar da ta yi wannan ciwo ta tashi, a galibi ta gama da shi ke nan, jikinta ya san shi. Saboda haka shawarar maƙwabciyarki a juye take. Tsofaffin nan da take cewa ki yanka su ne kaɗai masu kariya a gidanki. In kika kawar da su kika zubo sababbi a wannan akurki, kin tara wa cutar waɗanda ba su taɓa haɗuwa da ita ba, a wurin da take zaune tana jira. Asarar da za ki yi sai ta fi ta yanzu.

Na ce tana zaune tana jira, bari in faɗa miki inda take. Baƙin ɓawon nan da ke bushewa ya faɗi, cike yake da ƙwayar cutar, kuma bushewa ba ta kashe ta. Tana iya yin watanni a cikinsa da ranta. Ya faɗi a ƙasan akurki, ya marmashe, ya shiga ƙura, ya maƙale a tsagar katako, a sandar da suke hawa su kwana, a kwandon da kaza ke kwanci. Tsintsiya tana kwashe kashi da gashi, amma wannan garin sai dai ta tayar da shi sama. Ƙwayar ba ta huda lafiyayyar fata da kanta, sai ta sami ƙofa: inda aka tsattsagi kaza, inda waya ta karce ta, inda zakaru suka yi faɗa. Kaji kuwa kin san ba sa rasa irin wannan.

Babban mai buɗe ƙofar shi ne sauro, shi ya sa kike ganin abin yana bin damina. Ya ciji mai ciwo, ƙwayar ta maƙale masa a baki, ya je ya ciji lafiyayya. Sauro ɗaya yana iya yin makonni yana rabon nan. Ki lura da inda ƙurajen ke fitowa, zanko, fuska, gefen baki, wani lokaci ƙafa. Duk wuraren da babu gashi ne, inda bakinsa ke kaiwa. Kuma ba sai kajinki sun fara ba. Na maƙwabta ma in suna da shi, katanga ba ta tare sauro.

Wayar gaban akurkinki tana hana muzuru shiga, amma sauro ko gaisuwa ba ya tsayawa yi mata. Kajin kuwa da daddare suke zaune wuri ɗaya ba motsi, daidai lokacin da yake fita. Ki samo raga mai ƙananan idanu irin ta taga ki ɗora a kan wayar, ki toshe ratar da ke tsakanin katako da kwano. Ko tsohon gidan sauro ne ki ɗinke hudojinsa ki dinga saukewa da yamma. Sai dai kada garin gudun sauro ki like ko'ina iska ta daina shiga, zafi da warin kashi su kawo miki ciwon numfashi. Raga za ki sa, ba leda ba.

Sannan ki zagaya gidan ki nemi ruwan da ke kwance. Tsohuwar taya, gwangwani, fasasshen bokiti, randa ko duro marar murfi, kwatar da ba ta gudu. A lokacin zafi, daga ƙwan sauro zuwa mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana 10 ba, don haka duk abin da ke tara ruwa a kife shi ko a zubar da ruwan ko da sau ɗaya a mako. Har da kwanon ruwan kajin, a wanke shi kullum.

Maganar akurki. Idan ciwon ya lafa, ki fitar da kajin, ki yayyafa ruwa kaɗan don ƙura ta kwanta, ki kankare saman ƙasar ki kwashe, ki binne ko ki ƙona da tsohuwar shimfiɗa da ciyawar kwanci. Katakon da sandunan a goge su da ruwa da sabulu tukuna, bayan nan a bi da ruwan bilic. Mutane da yawa suna fesa magani a kan busasshen kashi su ce sun yi feshi. Maganin ba ya ratsa datti. Abin da ke ciruwa a fitar da shi rana ya sha ta sosai. Tun da ƙasan ba siminti, ba za ki iya tsarkake shi tas ba, amma kwashe saman da zuba sabuwar ƙasa yana rage abin ƙwarai.

Duk wannan ragewa ne. Abin da ya yanke mini shi a nawa kiwon allurar rigakafi ce, amma akwai waɗanda suka fi ni sanin ƙa'idarta a nan, bari su yi bayani.

Autan Masu Kiwo ya rubuta:

Hajiya, ni dai ba na wahalar da kaina. Da na ga ƙurjin ya yi ɓawo sai in kankare shi, in shafa baƙin man inji, cikin sati biyu zuwa uku kaza ta warware. Haka na ga ana yi, kuma yana yi mini.

Maganar allura kuwa, Baba, da girmanka, wannan ta masu gona ce. Kwalba ɗaya ta kaji 500 ce ko 1000, kuma an ce da an haɗa ta ba ta kwana. Mai kaji 20 ya sayi ta 1000 ya zubar da saura? Ga neman firji, ga neman wanda ya iya yi. Kajin gida ai Allah ne ke kiwonsu, wadda ta yi kwana ta tashi.

Uwar Biyu ta rubuta:

Baba, Allah ya saka da alheri. Na je na duba kamar yadda ka ce, kuma haka abin yake. Iyayen da suka yi bara ko ɗigo babu a zankonsu. Masu ciwon duk ƙyanƙyasar bana ce, sai wata baƙar kaza da na sayo ana gab da fara ruwa. Guda ɗaya ne ya saɓa, wani tsohon jan zakara. Shi kullum da baƙaƙen tabo a zankonsa, rani da damina, ban san ko shi ne yake ajiye mini cutar ba.

Ruwa kuwa akwai duro a gefen akurkin da ke tarar ruwan indararo, na leƙa na ga 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil. An rufe shi yanzu.

To maganar allurar nake so a buɗe mini. Yaushe ake yi, kuma yanzu da ciwon yake cikinsu lokaci ya wuce ne? Sagarar nan mai numfashi da ƙara kuma me zan yi mata?

Malamar Dabbobi ta rubuta:

Sannu da fama, 'yar'uwa. Aikina duba dabbobi ne, kuma wannan ciwo yana cikin waɗanda aka fi kawo mini ƙararsu idan sauro ya yi yawa. Abin da Baba ya faɗa daidai ne. Zan fara da sagarar, don ita ce ba ta da lokacin jira.

Ciwon iri biyu yake zuwa, ƙwayar bairas ɗaya ce ke kawo su. Akwai na fata, wanda kika saba gani, shi ba kasafai yake kashe babbar kaza ba. Akwai kuma na cikin baki da maƙogwaro, shi ne mai kisa, domin abin nan rawaya yana iya toshe hanyar iska ko ya hana haɗiya. Yakan samu ne idan kaza ta shaƙi ƙurar ɓawon ko ta shiga mata baki da ido, wanda ya ƙara nuna akurkin na buƙatar aikin da Baba ya lissafa. Amma ba kowane abu rawaya a bakin kaza ne wannan ciwo ba. Akwai wata cuta da aka fi sani a tantabaru mai yin kusan irin wannan, ana ɗaukarta a ruwan sha, kuma tana da maganinta daban. Ƙarancin bitamin A ma yana fito da fararen ƙuraje a maƙogwaro. Tun da ga ƙuraje a fuskokin sauran, zato ya fi ƙarfi a kan wannan ɗin, sai dai ya kamata wanda ya sani ya buɗe bakin ya gani da idonsa. Kada ki fizge abin da kanki. Manne yake da nama, in aka ɓamɓare shi jini yake yi, kuma gutsure yana iya faɗawa hanyar numfashi. Idan ya toshe ƙofar iska ne, likita yana iya cire wanda ya tare a hankali. Kafin nan ki ajiye ta ita kaɗai cikin raga, ki jiƙa mata abinci ya yi laushi, ruwa a kusa da ita. Kada ki ɗura mata ruwa da ƙarfi, tana iya shaƙewa. In ta kai ba ta ci ba ta sha, numfashin kullum ƙara tsanani yake, hutar da ita ya fi barinta tana wahala.

Babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar a jikin kaza. Antibayotik ɗin da kike ba su bakteriya yake kashewa, shi ya sa bai hana kowa kamuwa ba. Amfaninsa sai inda ƙurji ya ruɓe ya yi ruwa, ko ido ya cika da mugunya, ko a irin na maƙogwaron nan. A ba wadda ke buƙata, ba a zuba wa garke duka ba. Aidin ɗin ki ci gaba da shi a kan zanko, amma kada ya shiga ido. 'Yan tsakin da idonsu ya rufe, yawancinsu yunwa da ƙishirwa ke kashe su, ba ƙurjin ba. Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri kaɗan, ki dinga dannawa a hankali har fatar idon ta saki, ki tsoma musu baki a ruwa, ki sa abinci inda za su taɓa shi. Da yawa suna tashi in aka riƙe su haka har ɓawon ya faɗi.

Autanmu, kazarka da ke warwarewa cikin sati biyu zuwa uku, ko ba ka taɓa ta ba haka za ta yi, don iyakar kwanakin ciwon ke nan, sati 2 zuwa 4 a jikin kaza ɗaya. Kankarewar tana bar mata ɗanyen rauni, ɓawon da ka yar a ƙasa kuma shi ne irin na baɗi. Baƙin man inji yana da guba, yana ƙona fata, ga shi kusa da ido da baki, a jikin abin da za a ci. Don Allah a bar shi.

Yara ba sa ɗauka. Wannan ƙwayar ta tsuntsaye ce, ba ita ce ke kawo ƙaranbau a mutane ba. Su dai wanke hannu bayan sun taɓa kaji, saboda wasu cututtukan, kuma don kada su kai ƙwayar daga mai ciwo zuwa lafiyayya. Ƙwai ma ciwon ba ya hana cinsa. Abin da zai hana shi ne antibayotik ɗin. Ki duba takardar jikinsa, akwai kwanakin da ake jira bayan an daina bayarwa, wasu ma ba a yarda a ba kaza mai ƙwai ba sam.

Zakaranki ina shakkar ciwon nan ne. Tabon da ba ya bin lokaci, ba ya farawa da fari ya koma rawaya, yawanci busasshen jini ne na faɗa, ga shi kina da zakaru biyu. Ko kuma wata ƙuma ce da ke kafa kai a zanko da gefen ido ta zauna cunkus, daga nesa sai ka ce tabo. Ki kama shi ki duba da kyau a cikin haske. In ƙuma ce a yi maganinta, domin masu shan jinin nan, har da jajayen ƙwarin da ke ɓuya a tsagar katako su fito da dare, suna buɗe wa cutar hanya kamar sauro.

Yanzu allura. Rayayyar ƙwaya ce da aka raunana, ba a ruwan sha ake ba da ita ba, ba kuma ɗigo a ido ba. Tana zuwa da wata 'yar allura mai baki biyu. A tsoma ta a ruwan maganin, a buɗe fiffike, a huda siririyar fatar nan da ke gaban gwiwar fiffiken daga ciki, inda babu nama, babu ƙashi, a kauce wa jijiyar jini. In akwai gashi a wurin a cire, don kada ya shanye maganin. Kowace kaza sai an sake tsomawa. A kiyaye kada hannun da ya taɓa maganin ya taɓa mata ido ko zanko.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne dubawa. Bayan kwana 7 zuwa 10 a buɗe fiffiken. In ta kama za a ga ɗan kumburi ko ƙaramin ɓawo a wurin hudar. In wurin sumul yake, ɗaya cikin uku ne: ko kazar tana da kariya tun da, ko ba a huda daidai ba, ko maganin ya mutu kafin ya iso. Na ukun ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ana ajiye shi a sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ɗauko shi cikin ƙanƙara, a kare shi daga rana, kuma da an haɗa a gama da shi cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ragowar da kwalbar a ƙona ko a zuba musu bilic, kada a watsar a tsakar gida.

Lokacin yi, a ƙa'ida ana yi wa 'yan sati 8 zuwa 12, kuma a tabbata an yi kafin sagara ta fara ƙwai da aƙalla wata guda. Inda ciwon ke kama ƙanana kamar gidanki, akwai nau'i mai sauƙi da ake yi wa 'yan kwanaki, sannan a maimaita in sun girma. Sai a duba abin da aka rubuta a jikin wanda aka samu, don ba duka ne suka dace da ɗan tsako ba. Kariyar tana ɗaukar sati 2 zuwa 3 kafin ta kafu, saboda haka a yi ta kafin sauro ya yi yawa.

Lokaci bai wuce miki ba. Ciwon nan a hankali yake tafiya, daga kamuwa zuwa fitowar ƙurji kwana 4 zuwa 10 ne, kuma ba ya kama garke a rana ɗaya, shi ya sa yake yi miki wata biyu. Ana iya yi wa lafiyayyun allura yanzu a riga shi. Masu ciwo ba a yi musu, waɗanda suka taɓa yi suka warke kuma ba sa buƙata. Wata za ta iya fito da ƙurji bayan allurar, wannan ta riga ta kamu ne tun kafin a yi.

Duk kazar da kika sayo kuma, kamar baƙar nan, ta yi sati 3 zuwa 4 a ware kafin ta shiga cikin sauran.

Baba Mai Zakaru ya rubuta:

Malama ta gama magana. Ni Auta zan amsa wa, don ƙorafinsa na kwalba gaskiya ne, kuma shi ne ke hana yawancin masu kiwon gida yi.

Yaro, ba kai kaɗai ke da kaji a layinku ba. Mu abin da muke yi, mu haɗu gida biyar ko shida, a sa rana, kowa ya kwana da kajinsa a rufe. Da sassafe a haɗa maganin, mutum ɗaya da ya iya hudar ya bi gida-gida da kwalbar cikin ƙanƙara, kowane gida akwai mai riƙe kaza yana miƙa masa fiffike. Kafin rana ta yi zafi an gama. Sai dai mai zagayen ya wanke hannu ya goge takalmi tsakanin gida da gida, kuma gidan da ake ciwo shi ne na ƙarshe. Ko an zubar da saura ba a yi asara ba, domin sauron da ya tashi daga gidan maƙwabcinka yanzu ba shi da abin da zai kawo maka.

Wahalar da na fi gani a kajin gida ba ta kwalba ba ce, ta shekaru ce. Mai gona kajinsa duk sa'anni ne, rana ɗaya ya yi musu ya huta. Mu kuwa wannan ta ƙyanƙyashe yau, waccan sai wata mai zuwa, kullum akwai sabon da ba a yi wa ba. Ni sai na koma ina haɗa kwanci, in bar kaji biyu ko uku su hau ƙwai a tsakanin 'yan kwanaki, 'ya'yan su taso tare a yi musu tare. Kuma ina ƙoƙarin babbar ƙyanƙyasa ta zo da wuri, yadda kafin ruwa ya zauna sun isa allura. Waɗanda suka zo a tsakiyar damina, su da uwarsu a keji mai raga suke kwana har su kai. Kada ki ce uwarsu ta taɓa yi don haka sun gada, 'yata. Abin da suke samu daga ƙwai kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa.

Wadda aka yi wa ki ɗaura mata zare a ƙafa, sako-sako, ki dinga dubawa kada ya matse ta in ta girma. Bayan wata uku ba za ki iya tuna wace ce aka yi wa ba.

Uwar Biyu ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba da Malama. Zakaran na duba, busasshen jini ne, har da sabon rauni, don haka zan raba shi da ɗan'uwansa. Na yi wa maƙwabta uku magana sun amince mu haɗa. Saura talotalon nan da ban ji an ambata ba, su ma a fiffiken za a yi musu rana ɗaya da kajin?

Malamar Dabbobi ta rubuta:

A yi musu, suna kamuwa, kuma yakan yi musu muni a kai da wuya tun da duk wurin babu gashi. Amma ba a fiffike ba. Talotalo yana cusa kansa ƙarƙashin fiffike in zai yi barci, sai maganin ya shafe masa fuska ya fito da ƙuraje a nan. A fatar cinya ake yi musu, a buɗe gashin a huda fatar kawai, idan sun kai wata 2 zuwa 3. Dubawar iri ɗaya ce, kwana 7 zuwa 10. In za ki ajiye su don ƙwai, a sake yi musu kafin su fara.

Rana ɗaya da kajin ya fi. Tun da maganin rayayye ne, ana so duk wanda ya isa allura a gidan a yi masa tare. 'Yan tsakin da ba su isa ba ki ware su cikin raga, nesa da waɗanda aka yi wa, har ɓawon hudar ya faɗi.